Inna Saude a Rumfar Kwano

Tun rana ba ta gama ɗagawa ba kwanon rumfar yake fara ƙara, ƙas, ƙas, kamar ana jifansa da tsakuwa. Da Inna Saude ta ji ƙarar nan ta san wahalar yini ta tashi. Rumfar tana can ƙuryar gidan Alhaji Mu'azu a Gusau, inda iska ba ta kaiwa. Murhu biyu ke ci a ƙarƙashinta, ɗaya na suyar gyaɗa, ɗaya na tuyar ƙuli, a tsakaninsu kuma 'yar kujera. A kan kujerar nan tsohuwar take yini.

Sana'ar ta Hajiya Juwairiyya ce, matar Alhaji. Sunanta ne a jikin robobin man gyaɗar da ake kaiwa shaguna, ita ake yi wa waya, ita ake yaba wa daɗin ƙuli. Hannun da ke aikin kuwa na Saude ne, matar marigayi Manu, yayan Alhaji. Da mijinta ya rasu, zaman ƙauyensu Kucheri ya gagare ta. Damina ta koma yaudara, gonar nesa kuma ba ta shiguwa saboda 'yan bindiga. Alhaji ya aika mota ta ɗauko ta, dangi suka yi ta sa masa albarka. Aka sauke ta a ɗakin ajiye buhunan gyaɗa da ke jingine da rumfar, rufin kwano ba silin, tagarsa ba ta wuce faɗin faifai ba.

Bazarar bana ta zo da abin da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Tabarma kanta ƙuna take yi. Rijiyar gidan, wadda tun da aka haƙa ta ba ta taɓa ƙafewa ba, ta koma guga na dawowa da laka. Ruwa ya zama sai na 'yan ga-ruwa, a juye a tanki a sa kwaɗo, makullin yana jakar Hajiya. Kowace safiya takan cika wa Saude 'yar jarka. A ciki za ta sha, ta yi alwala, ta kama ruwa.

"Yaya, a riƙa tattali," Hajiya kan ce. "Ruwan wanga gari ba na rafi ba ne irin naku."

"To, Hajiya."

Saude ta koyi kurɓa a maimakon sha. Ta koyi jiƙa leɓe ta mayar da murfi.

Wata safiya mai unguwa ya turo baƙi. Babbarsu, Malama Salma, ma'aikaciyar jinya ce. Ta ce daga jami'a aka turo su, suna bincike kan yadda zafin da ke ƙaruwa shekara bayan shekara yake taɓa lafiyar mutane, musamman tsofaffi da mata masu sana'ar bakin wuta, kuma suna zagaya Gusau da Tsafe da Bungudu. Hajiya ta ɗaure fuska ta ce gidan nan kowa lafiya lau. Da ta ji duk wanda ya shiga binciken ana ba shi fanka mai aiki da hasken rana, sai fuskar ta saki.

"Ai muna da tsohuwa," ta ce. "Ku taho in kai ku."

Salma ta sa kai cikin rumfar, ta ja da baya kamar an mare ta, sannan ta daure ta shiga ta tsuguna. Kafin su gama gaisawa hijabinta ya manne mata a wuya.

"Inna, tun yaushe kike nan?"

"Tun sallar asuba, ɗiyata."

"Sai yaushe?"

"Sai in tunkuzar ta ƙare."

"Gumi fa? Na ga ba kya yi."

Saude ta yi dariya. "Da ina yi. Yanzu ya daina wahalsshe ni."

Salma ba ta yi dariya ba. Ta auna mata jini, ta ɗebi kaɗan a hannunta, ta ba ta 'yar kwalba ta ce ta kawo fitsari. Saude ta daɗe a banɗaki, ta fito tana ɓoye kwalbar a bakin zane. Abin da ke ciki bai rufe gindin kwalbar ba, launinsa kamar baƙin shayi. Kafin su tafi suka kafa mata fankar, suka rataya wata 'yar na'ura mai kamar kwalin ashana a bangon ɗakinta, suka ce ita za ta riƙa auna zafin da take kwana a ciki.

Da sakamakon ya fito Salma ta dawo, ta nemi ganin Alhaji. A falo ya karɓe ta, fankar sama na juyawa a kansa. Saude tana tsugune a bakin ƙofa tana saurare.

"Alhaji, ƙodar Inna ta fara taɓuwa. Zafi ne da ƙarancin ruwa. Mun ga irin wannan da yawa a bana. Idan aka janye ta daga bakin wuta, ta riƙa shan ruwa sosai, ta kwana wuri mai iska, ana iya tare abin. Amma a kai ta asibiti cikin makon nan."

Alhaji ya gyara zama. "Malama, zafi ai kowa shina ji. Ni ma nan da kike gani ban yi barci ba."

"Zafin ɗakinta ba irin na nan ba ne."

"Mutanen ƙauye ne. Cikin rana anka haife su, cikin rana sunka girma. In kin hana ta aiki, to shi ne za ki kwantar da ita. Kuma wa ya sa ta? Ita ke so. Ko ba haka ba, Yaya?"

Duka suka juyo suna kallon ta. Saude ta dubi ƙasa. A gidansa take ci, a gidansa take kwana, ba ta da wata ƙofa a garin nan.

"Haka ne, Alhaji," ta ce.

"Kin ji ko? Ciwo da lafiya duk na Allah ne. Asibiti kuwa za a duba."

Kwanakin farko na fankar, Saude ta yi barci irin wanda ta manta akwai shi. Iskar ɗumi ce take kaɗawa, amma iska ce. Sai dai Alhaji yana da raguna da yake turka domin kasuwar layya, ɗaure a ƙarƙashin dalbejiya, inuwa ɗaya tak da ke gidan. Wata azahar babban cikinsu ya kwanta yana haki, harshe a waje. Gida ya rikice. Aka buɗe tanki ba tare da an tambayi Hajiya ba, aka yi ta kwara masa ruwa, aka kira malamin dabbobi a waya. Saude tana daga rumfa tana kallon ruwan yana gangarewa cikin ƙasa, maƙogwaronta na motsi.

Da yamma Alhaji ya leƙo ɗakinta da kansa, karo na farko tun zuwanta.

"Yaya, aron fankar nan zan yi. Dabba ba ta da bakin faɗin abin da ke damun ta. Ke kuwa mutum ce, kina iya fifita."

Ya cire ta da hannunsa. Ya miƙo mata mafici sabo, har da ado a bakinsa.

Bayan kwana biyu Hajiya ta shigo ɗibar gyaɗa, idonta ya faɗa kan 'yar na'urar. Ta tsaya tana kallon ta.

"Wagga aba tona asiri za ta yi. Gobe a ce Alhaji Mu'azu ya sa matar ɗan'uwansa cikin tanda." Ta zare ta, ta kai falo ta rataya bayan labule.

Ƙafafun Saude suka fara hawa. Da farko idon sawu ne, daga baya silifa ya daina shiga, sai ta riƙa taka ƙasa mai ƙuna da tafin ƙafa. Kwankwasonta ya riƙe. Idan ta sunkuya juya tunkuza, sai ta ji kamar an soka mata ƙarfe ta baya. Bakinta ya koma ɗaci, warin man da ta yi shekaru tana shaƙa ya fara tayar mata da zuciya. Ta gaya wa Hajiya.

"Ciwon jiki ne, Yaya. Tsufa." Hajiya ta aika kemis aka sayo ƙwayoyin kashe ciwo. "Ki sha da safe, ki sha da rana. Kin san sallah ta matso, mutane sun ba da saƙo da yawa."

Ƙwayoyin suna aiki. Idan ta haɗiya, ƙarfen nan yakan janye har la'asar, ta toya abin da aka ajiye mata. Sai ta ƙara da na yamma.

Da Salma ta sake dawowa, kai tsaye ɗakin ta nufa. Ta duba bango, ta duba inda fanka take, ta dubi ƙafafun Saude. Ta danna yatsa a ƙaurinta, ramin ya zauna bai ciko ba. Ta ga ƙwayoyin a kan buhu, ta ɗaga su.

"Inna, wa ya ba ki waɗannan? Su ne za su ƙarasa ƙodar!"

Hajiya ta iso a kan maganar. Salma ta miƙe.

"Hajiya, na'urarmu ta nuna ɗakin nan ya yi sanyi rana ɗaya. Ina take? Ina fankar?"

"Au, bincikenku har da ƙirga kayan gida? Kun ba mu ko ba ku ba mu ba?"

"Ita muka ba."

"Ita a gidan wa take?"

Hayaniya ta fito da Alhaji. Ya saurara, fuskarsa ta yi baƙi.

"Malama, mun karɓe ki da mutunci, kin zo kina haɗa ni da iyalina. Ku kun samu abin rubutawa ku kai wa Turawa, mu ku bar mu da abin kunya. Matar yayana ce. Ni na ɗauko ta sadda ba wanda ya kula ta. Ina kuke lokacin? Ki ɗauki na'urarki. Kada in sake ganin ƙafarki a gidan nan."

Salma ta juya wajen Saude. "Inna, motarmu tana waje. Ki taso in kai ki asibiti yanzu. Ke ce mai cewa, ba kowa ba."

Saude ta dubi ƙofa. Ta dubi Alhaji. Ta tuna idan ta fita da baƙuwa a gaban idonsa, ƙofar nan ta rufe ke nan, kuma asibiti ba gida ba ne, ranar sallama tana zuwa. Man da ke kan wuta ya fara hayaƙi.

"Ɗiyata, Allah shi yi miki albarka," ta ce. "Mai na ƙuna."

Ta koma kan kujerarta. Ta ji fitar su, ta ji an ja ƙyaure da ƙarfi.

Daga nan kwanaki suka cakuɗe mata. Sama kan haɗa baƙin hadari da la'asar, mutane su fito suna ɗaga kai, iska ta zo ta watsa shi, gari ya ƙara turnuƙewa. Jikinta ya kama ƙaiƙayi, ta yi ta susa har fata ta yi fari. Tuwo ya daina zama a cikinta. Banɗaki kuwa sai ta yini ba ta nema ba, har Hajiya ta lura jarkar tana kwana da saura.

"Kin gani ko, Yaya? Da ma ruwan isar ki yake yi."

Wani lokaci tana mulmula ƙuli sai ta ga kamar a Kucheri take, gindin tsamiyar bayan gida, Manu yana dawowa daga gona. Sai ƙarar mai ta dawo da ita.

Ranar da ta faɗi, rana tana tsaka. Ta miƙe za ta tsame ƙuli, rumfar ta juya, ta kai hannu neman abin kamawa ta dafa bakin kaskon. Man ya zubo mata daga gwiwar hannu zuwa yatsu. Ba ta yi ihu ba, ba ta da ƙarfinsa. Warin ƙuna ne ya fito da Hajiya a guje.

"Innalillahi! Ƙulin mutane! Kasko guda!" Ta tsallake ta ta janye itacen, ta kwashe abin da zai kwasu, sannan ta juyo. "Yaya, mi ya kai ki? In kin gaji ba sai ki faɗi ba?"

Aka shafa mata man goge baki a ƙunar, aka ja ta ɗaki. Tana kwance a kan buhuna ta ji Hajiya da Alhaji suna magana a bakin rumfa, ba su ko rage murya ba.

"Alhaji, jikin nan ba na tashi ba ne. In wani abu ya faru a nan, bayan abin da yarinyar nan ta gani, bakin mutane ba zai bar mu ba."

"Na yi tunanin haka. Ai tana da ɗiya a Bungudu. Jinyar uwa haƙƙin ɗiya ne, bai kamata mu tauye mata lada ba."

Washegari akori-kurar da ke kai mai shagunan Bungudu ta tsaya a ƙofar gida. Gaba direba ne da katan-katan ɗin da ba a so rana ta taɓa. Aka shimfiɗa wa Saude tabarma a baya tsakanin jarkoki. Alhaji ya tsaya a inuwar zaure yana gaya wa maƙwabta cewa kewar ɗiyarta ce ta dame ta, shi kuwa ba zai hana ta ba. Suka ce Allah ya saka masa.

Suwaiba, ɗiyar Saude, ta ga abin da aka sauke mata a ƙofar gida, ta ɗora hannu a ka. Mijinta Buba manomi ne, amma rumbunsa wayam yake. Bara ruwa ya yi jinkiri har shuka ta ƙone, da ya tashi zuwa kuma ya zo gaba ɗaya ya kwashe shuka ta biyu. Duk da haka suka ɗauke ta a bayan babur zuwa asibiti. Likita ya duba, ya yi faɗa, ya ce ƙodar ta kusa tsayawa, sai wankin ƙoda, shi kuma sai a Gusau, kuma ba sau ɗaya ba. Buba ya kira Alhaji a waya. Alhaji ya ce a yi haƙuri ya sayar da raguna. Da aka sake kira, wayar ta yi ta ƙara.

Suka dawo da ita gida. Suwaiba ta shimfiɗa mata tabarma a gindin dalbejiyar tsakar gida, tana jiƙa zane tana lulluɓa mata, tana ɗura mata ruwa da cokali. Fuskar Saude ta kumbura har idanu suka shige. Magana ta koma sai da ƙyar, daga baya sai ido.

Ana saura 'yan kwanaki sallah, mota ta tsaya a waje. Hajiya Juwairiyya ta shigo da sallama, ƙamshin turarenta ya riga ta. Ta ajiye ledar lemo a gefen tabarma.

"Sannu, Yaya. Ya jiki? Kai, ai da sauƙi, har ta yi ƙiba." Ba ta jira amsa ba ta juya wajen Suwaiba da Buba. "Alhaji shina gaishe ku. Maganar asibiti tana ransa, wallahi ko barci ba ya yi. To amma kun san komai sai da abin hannu, aiki kuwa ya tsaya cak tun da Yaya ta kwanta. Mun sa wata, kwana biyu ta gudu, 'yan yanzu ba su da juriya. Shi ne Alhaji ya ce, tun da Suwaiba hannun uwarta gare ta, ta taho ta riƙe mana zuwa bayan sallah. In kaya sunka fita, sai a ji daɗin kai Yaya wankin nan. Kun ga kowa ya taimaki kowa."

Suwaiba ta dubi mijinta. Buba ya dubi rumbunsa, ya dubi ƙasa.

"Wa zai duba Inna?" Suwaiba ta tambaya.

"Ba ga surukarki Tambaya ba? Jinyar mi ce, ban da ba da ruwa?"

"In dai za a kai ta asibitin..." in ji Buba, bai ɗago ba.

"Haba Buba. Alhaji ne fa."

Saude tana jin komai. Kunnenta bai mutu ba. Ta san babu ragon da za a sayar dominta, ta san babu bayan sallah. Ta san kujerar, ta san tsawon yini a kanta. Ta tattara abin da ya rage mata, ta miƙa hannun da bai ƙone ba ta kama bakin zanen ɗiyarta.

Suwaiba 'yar fari ce. Tun da Saude ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba saboda kunya, sai "ke" ko "'yar nan". Yau ta buɗe baki za ta kira. Leɓen ya motsa, harshen ya ƙi ɗagawa. Abin da ya fito iska ce kawai.

"Ji, albarka take sa miki," in ji Hajiya.

Suwaiba ta tsuguna, hawaye na ɗiga a kan tabarma. "Inna, don ke zan je. Kwana kaɗan ne. In dawo mu tafi asibiti." Ta kama yatsun uwarta masu kumburi tana ɓamɓare su daga zanen a hankali. Saude ta sake kamawa. Suwaiba ta sake ɓamɓarewa, ta shige ɗaki haɗa kaya.

Hajiya ta duba agogon hannunta, ta fifita fuska da bakin gyale, ta ɗaga murya yadda za a ji daga ciki.

"Suwaiba, ki ɗauko marasa nauyi. Wurin akwai zafi."

Saude ta ji tashin motar. Ta bi ƙarar da kunne har ta ɓace a hanyar Gusau. Hannunta yana nan a miƙe a kan ƙasa, yatsun a lanƙwashe, inuwar bishiyar ta janye ta bar shi a rana.